Kwana biyu a gungu saboda hadari: matuƙin nan ya kyauta min ko ya cuce ni?

Bala_Kabala
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ke cin raina tun watan Mayu, ina so waɗanda suka san ruwa su faɗa min gaskiya. Sana'ata bandar kifi ce, ina sarowa in kawo Kaduna. Shekara da shekaru a mota nake zuwa Yauri, in saya a bakin tasha in juyo. Bana wani abokin sana'a ya ce mu bi jirgi mu shiga ƙauyukan tafkin Kainji, mu saya a hannun masunta kai tsaye. Muka ɗauki shatar jirgin katako mai inji ɗaya, mu biyar, da matuƙi da yaronsa. Kwana huɗu muna bin rugage da ƙauyuka har kaya ya cika.

Ran da muka juyo, bayan azahar, matuƙin ya dubi gabas, bai ce wa kowa komai ba ya karkata jirgi zuwa wani gungu, wato tsibiri a cikin tafkin. Wallahi rana ƙwal take a kanmu. Ba mu gama ɗaure jirgi ba iska ta sauko, har sai da ta kwashe rumfar wata mai abinci. To wannan rana ban ja da shi ba. Amma washegari gari ya waye, ba ruwa ba tsawa, ya ce ba zai tashi ba, wai ruwan bai kwanta ba. A gabanmu wani jirgi ya wuce abinsa. Muka sake kwana. Kifina ya sha raɓa, kwali goma sha ɗaya suka yi fumfuna, motar da na yi ciniki da ita a Yelwa, wato garin Yauri, ta tafi ta bar ni.

Tambayata: wannan kwana na biyun, sanin aiki ne ko tsoro? Ina so in koma, kuma ban sani ba ko in sake ɗaukarsa.

MamanHanif
Wa alaikumus salam. Malam Bala, ka dawo ka tarar da iyalinka, har kana lissafin kwali. Ka gode wa Allah, ka kuma gode wa mutumin nan.

Sani_Rigasa
Hajiya godiya dole ce, amma tambayarsa tana nan. Hadarinmu na arewa ba ya wuce awa ɗaya ko biyu. Ya zo da iska, ya zubar, ya wuce. Me zai sa a yi kwana biyu? Ni na san wasu masu shata, in kuɗin kwana ake biyansu, to jan kwanaki suke yi.

Bala_Kabala
@Sani_Rigasa ba kuɗin kwana ba ne, jimla muka yi da shi. Shi ma bai ƙaru da komai ba a zaman, gaskiya.

DanYauri_Kawo
Malam Bala, ni can anka haife ni, ubana da kakana duk bisa ruwan ga sunka tsufa, aiki ne ya kawo ni Kaduna. Bari in gaya maka abin da ka gani ba ka gane ba.

Tafkin Kainji ba gulbi ba ne. Gulbi yana da gaɓa kusa, in iska ta taso ka raɓe. Tafkin nan tun da anka datse Kwara a 1968 ya zama wani abu daban, har tsohuwar Bussa ta nutse ciki. Tsawonsa ya haura kilomita 100, kuma wajen tsibirin Foge in kana tsakiya da ƙyar kake hangen gaɓa. Iska in ta samu fili irin wannan sai ta tara igiyar ruwa, kuma ko sama ta washe, ruwan yana iya kwana yana tashi. Shi ya sa ya ce maka bai kwanta ba. Kai kana duban sama, shi yana duban ruwa.

Na biyu, akwai kututturan itatuwan da ruwa ya cinye, suna nan tsaye ƙarƙashi har yau. In ruwa yana kwance matuƙi ya san hanyarsa, yana ganin inda ruwa ke murɗawa. In yana tashi, ba ka ganin komai sai ka ji ƙara a cikin jirgi.

Ina da tambaya guda: da kunka yi lodi, mene ne tsakanin bakin jirgi da ruwa?

Bala_Kabala
@DanYauri_Kawo Yaya, da safen nan ya durƙusa ya sa hannu ya auna, taƙi ɗaya ne da ɗan abin da ba a rasa ba. Yaronsa kuma tun da muka taso yana kwarfe ruwa da yankakkiyar jarka.

DanYauri_Kawo
To ka ba kanka amsa. Taƙi ɗaya! Igiya biyu a jere ta ishe ku. Jirgin da ya wuce gabanku fa, da kaya ko wayam?

Bala_Kabala
Mutum uku ne a ciki da raga. Ba kaya.

Sani_Rigasa
To na janye rabin maganata. Amma rabin yana nan: in ya san jirginsa ba zai ɗauki wannan lodin a damina ba, me ya sa ya yarda tun farko? Ai tun a wurin lodi ya kamata ya tsawata, ba sai an zo tsakiyar hanya ba.

Usman_Malali
@Sani_Rigasa nan ka taɓo inda yake ciwo. Mu fasinja mu ne muke matsa musu. In ya ce kaya ya yi yawa sai mu ce ga wani can zai ɗauka. Shi kuma yana da mai jirgi da yake jiran balas, ga man fetur da tsada. A ƙarshe kowa ya rufe ido.

Ku tuna abin da ya faru a Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021, jirgin da ya taso daga ɓangaren jihar Neja ya rabe a kan wannan ruwan, mutum fiye da ɗari suka tafi. Ku tuna na Patigi a watan Yunin 2023, 'yan biki ne suna dawowa cikin dare, su ma fiye da ɗari. Kullum in aka bincika, maganar ba ta wuce lodi, da tafiyar dare, da tsohon jirgi, da rashin rigar kariya.

Hajiya_Barnawa
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni wannan magana ba labari ba ce a wurina. Ƙanen mijina ya tafi a ruwa, shekara ta shida ke nan. Ba nisa za su ba, tsallakawa kawai, ana hango ɗaya gaɓar. Waɗanda suka tsira sun ce mai jirgin ya ce a dakata hadari ya wuce, fasinjoji suka yi masa caa, wai magariba za ta yi musu, wai shi ragon maza ne. Ya tashi jirgi. Kwana uku ana nema kafin a same shi. Ya bar mata da ciki, yarinyar yanzu tana hannuna, ta shiga aji ɗaya.

Malam Bala, matuƙin da mutum biyar suka tsaya a kansa kwana guda cur bai sauya magana ba, ka riƙe shi da hannu biyu. Irinsu ba su da yawa.

MamanHanif
Allah ya jiƙansa Hajiya, ya raya abin da ya bari.

Bala_Kabala
Allah ya gafarta masa. Hajiya maganarki ta shige ni, don mu ma mun faɗa masa maganganu. Ni da bakina na ce masa in tsoro yake ji ya ba yaronsa tuƙin. Bai tanka ba, ya je ya zauna a gindin wata bishiya yana gyaran igiya.

Garba_Kakuri
Allah ya jiƙan musulmi. Amma jama'a mu riƙa tunawa, wanda kwanansa ya ƙare ko a kan katifa yake zai tafi, wanda yake da sauran shan ruwa ko jirgi ya kife zai fita. Ni ban ga abin tsayawa kwana biyu ba. A yi addu'a a shiga.

Malam_TudunWada
@Garba_Kakuri ɗan uwa, ajali gaskiya ne, babu mai ja. Amma wanda ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Addu'ar shiga jirgi da muke karantawa, Bismillahi majreha wa mursaha, a cikin Suratu Hud take, kuma ka lura ta ambaci tafiyar jirgin ta ambaci tsayawarsa. Duka biyun da sunan Allah ake yinsu. Sannan matuƙi ba ransa kaɗai ya ɗauko ba, amanar rayuka shida ce a wuyansa.

Auwal_UnguwarRimi
Allah gafarta Malam, tunda ka shigo bari in yi tambaya ko da ta ɗan kauce. Mutum irin Malam Bala da hadari ya tsare a gungu, ƙasaru zai ci gaba da yi ko zai cika sallah? Abin ya taɓa faruwa da ni a hanyar Lakwaja lokacin ambaliyar 2022, kwana uku muna kan titi wajen Koton Karfe, kowa da abin da yake yi.

Malam_TudunWada
@Auwal_UnguwarRimi a mazhabar Malikiyya, abin da ke yanke ƙasaru shi ne niyyar zaman kwana huɗu cikakku. Wanda yake jiran hanya ta buɗe, kullum yana cewa yau ko gobe, bai yi niyyar zama ba, don haka yana nan a matsayin matafiyi, matuƙar tafiyar tasa ta kai nisan ƙasaru tun asali, wato wajen kilomita 80. In kuma ya bi limamin garin, sai ya cika tare da shi. Allah ne mafi sani.

Bala_Kabala
Mu dai bin limamin gungun muka yi. Masallacin zana ne da yashi a ƙasa, sahu biyu. Mutanen kirki ne, sun ba mu tuwo da miyar kifi dare biyu, da ƙyar suka karɓi abin da muka ba su.

Zainab_Kifi
Ni ta wajen kifin zan shigo, don sana'ata ce a kasuwar Gumi. Malam Bala, ka yi haƙuri, amma asarar kwalin nan ba duka laifin jira ba ne. Ka ce kifin ya sha raɓa. A ina ya kwana?

Bala_Kabala
A cikin jirgi, mun lulluɓe da tamfol.

Zainab_Kifi
Shi ne matsalar. Banda ba ta son a rufe ta ruf a wuri mai laima. Ƙasan jirgi ruwa ne, ka sa tamfol a sama, rana ta fito, sai kifin ya yi gumi a cikin kwali. Kwana ɗaya ya isa fumfuna ta kama, musamman tarwaɗa in ba ta bushe har ciki ba. Kana gungun masunta fa! Kowane gida akwai wurin banda. Da ka sauke kayan da safen nan, ka ba matan garin ɗan wani abu, ka sayi itace, su mayar maka da shi kan wuta, da ya fi yadda ka saye shi kyau. Mu in mota ta lalace mana a hanya abin da muke fara nema ke nan, inda za mu baza kaya su sha iska.

Kuma in za ka koma, ka sa katako ko kara a ƙasa kafin ka jera kwali, kada ya taɓa cikin jirgi.

Bala_Kabala
Hajiya Zainab wallahi tunanin bai zo min ba. Yinin nan gaba ɗaya a bakin ruwa na yi shi, ina kallon sama ina jin haushi. Ina jin ƙamshin bandarsu ma daga inda nake zaune.

Injiniya_Faruk
Bari in ƙara wani abu kan yadda hadarin yake, don na yi aiki shekaru a yankin Shiroro, kuma tafkin can ma haka yake yi, duk da bai kai Kainji faɗi ba. Manyan hadarurrukan nan na farkon damina da na ƙarshenta daga gabas suke tasowa su nufi yamma, a jere kamar bango. Iskar tana riga ruwan isowa. Alamarta, zafi ya yi tsanani, iska ta ɗauke ɗif, sai ka ji wani sanyi ya bugo ka. In ka ji wannan sanyin kana tsakiyar ruwa, ka makara. Gudun hadarin ya fi na jirgin katako mai lodi nesa ba kusa ba, don haka ba a tsere da shi. Abin da matuƙinku ya gani bayan azahar, wataƙila kan gajimaren ne can ƙasa-ƙasa, kai kuma rana kake gani a sama.

Ga wani abu mai sauƙi da kowa zai iya: in ka ga walƙiya, ka ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa. Kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. In bai kai talatin ba, bai kamata a ce kana kan ruwa ba, domin a fili irin wannan jirginku ne abu mafi tsayi.

Hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen kwana uku, ana samu a shafukanta. Ka duba kafin ka bar Yelwa.

DanYauri_Kawo
Injiniya, hasashen yana da amfani, amma cikin gungu ina sabis? Sai ka hau tudu kana ɗaga waya. Kuma su faɗin jiha suke yi, ba za su gaya maka wane lungu na tafki zai tashi da la'asar ba. Tsohonmu yakan duba tsuntsaye, ya duba launin ruwa, ya ji iska a bayan wuya. In ya ce a fitar da jirgi tudu, ba a tambaya tai dalili.

Injiniya_Faruk
Ban musa ba Yaya. A haɗa biyun. Na waya ya gaya maka makon da za ka fita, na tsoho ya gaya maka sa'ar da za ka tsallaka.

Nura_Nasarawa
Ku kuna maganar Kainji, mu nan cikin Kaduna ma muna gani. Masu kwale-kwalen da ke tsallakar da mutane da masu ɗibar yashi, in kogin Kaduna ya cika a watan Agusta da Satumba ruwan ja ne, yana tafe da itace da shara da gudu. Wani lokacin ko ɗigo ba a yi a gari ba, amma an yi a sama wajen Filato, sai ka wayi gari ya hau. Akwai wani dattijo da nake bi, in ruwa ya kai wata alama a jikin dutse, kife kwale-kwalensa yake yi ya tafi gida, ko nawa za ka ba shi. Mutane suna zaginsa, su zagaya ta gada.

Sadiq_Mando
Wai kogin nan namu ana iya binsa a jirgi har Kwara?

Injiniya_Faruk
@Sadiq_Mando yana haɗuwa da Kwara a Muregi, daura da Patigi, amma ba za ka bi shi a miƙe daga nan ba. Akwai duwatsu, ga madatsar Shiroro da aka gama a 1990, ga ta Zungeru a ƙasanta. Daga wajen Wuya zuwa ƙasa ne Nufawa ke harkar jirgi sosai.

Usman_Malali
Akwai abin da ba a faɗa ba. Kowa yana cewa a jira, a jira. A jira a ina? Malam Bala ya yi sa'a ya faɗa gungun da ke da mutane da masallaci. A wasu wuraren, musamman ɓangaren Shiroro, mutane ruwa suke bi saboda hanyar mota ba ta biyuwa don 'yan bindiga. Ka ce wa irin wannan ya kwana a gaɓar da ba kowa? Yana tsoron sama yana tsoron daji. Shi ya sa wasu ke tashi cikin dare, duk da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA ta hana tafiyar ruwa daga shida na yamma zuwa shida na safe. Dokar tana da kyau, amma wanda ya rubuta ta ba shi zai kwana a wurin ba.

MamanHanif
Wannan gaskiya ne. Kuma ku tuna da na gida. Maigidana direba ne, na san abin da ake ji in waya ta ƙi shiga. Malam Bala, iyalinka sun san inda kake a kwana biyun nan?

Bala_Kabala
Ba su sani ba Hajiya. Cajina ya ƙare tun daren farko. Da na iso Yelwa na kunna waya, uwargida ta ɗauka ta kasa magana, sai kuka. Har an aika ƙanena tasha ya tambayi direbobin Yauri.

MamanHanif
To ka gani. In za ka koma ka sayi abin ajiye caji, kuma kafin ka shiga ruwa ka ce musu in sun ji shiru kwana biyu ko uku kada hankalinsu ya tashi, jira kake. Ka bar musu lambar wani a tasha.

Sani_Rigasa
Ni har yanzu ina kan batun lodi. Na yarda kwana na biyu ba tsoro ba ne. Amma da ya rage kaya tun farko, da jirginku ya bi wancan da ya wuce. Kenan asarar da shi a ciki. A ganina ya kamata ya rage maka wani abu a kuɗin shata.

Zainab_Kifi
Haba Malam Sani. Kayan wa aka loda? Shi ya sayi kifin?

Garba_Kakuri
Na karanta abin da Malam ya rubuta, na karɓa. Amma ina da tambaya ga @DanYauri_Kawo. In ruwan bai kwanta ba kwana uku, huɗu, biyar fa? Haka za a yi ta zama guzuri ya ƙare?

DanYauri_Kawo
Malam Garba, da wuya ya kai haka. Galibi da sassafe ruwa ya fi kwanciya, kafin rana ta yi zafi iska ta motsa. Shi ya sa za ka ga ana sallar asuba, sai a kwance jirgi da gari ya yi haske. In ya ƙi, akwai dabara: a raba kaya biyu a yi sawu biyu, ko a bi gefe-gefe kusa da gaɓa ko da hanya ta yi tsawo ta ci mai. Amma guzuri kam, wanda zai yi kwana huɗu bisa ruwa ya ɗauki na bakwai. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari, ashana cikin leda, gidan sauro. Sauron gungu ba ya da tausayi. Da jarkar mai ta ajiya wadda ba a taɓawa.

Malam Bala, ran da kunka tashi, da wane lokaci ne?

Bala_Kabala
Ana idar da asuba ya tashe mu. Ruwan kamar an shimfiɗa tabarma. Amma sai da ya sa muka bar buhu huɗu na abokina a gidan mai gari, ya ce zai kawo masa a sawu na gaba, kuma ya kawo. Rigar kariya kuwa guda biyu ce a jirgin, mu bakwai.

Hajiya_Barnawa
Ka sayi taka ta kanka, ka riƙa tafiya da ita kamar yadda kake tafiya da buta. Kuma a jiki ake sa ta, ba a zauna a kai ba.

Bala_Kabala
In sha Allah Hajiya. Na gode muku duka. Jiya da dare na nemo lambarsa na kira shi, na ba shi haƙuri kan maganar da na faɗa masa. Ya ce shi ya manta ma. Na ce ina so mu koma farkon Oktoba, ya ce Allah ya kai mu, amma kwali talatin zai ɗaukar min, ba zai ƙara ko ɗaya ba. Kwali talatin kuwa in na cire shata da mota da ƙyar zan ga riba, shi ne nake ta lissafi.

Injiniya_Faruk
Farkon Oktoba hadarin ƙarshen damina bai gama ba, kuma yana cikin masu iska. In kasuwa za ta iya jira, ka bari sai Nuwamba.

DanYauri_Kawo
Nuwamba ta yi, amma kada ka kai tsakiyar hunturu, hazo kan rufe tafkin har ka rasa gabas da yamma, ga iskar safe. Kowane wata da nashi.

Sani_Rigasa
Ko ku haɗu ku ɗauki jirgi biyu ku raba kuɗin. Malam Bala, nawa ne shatar a yanzu? Akwai wani maƙwabcina da yake son shiga harkar, in ka sa rana ka yi min magana.